SANIN DAJI MA SANA'A NE

Duk mai son doki a ƙasar Damagaram ya taɓa jin sunan Bagazam. Tsofaffi suna yabon dokin Bagazam wajen gudu da jimiri. Amma mutane da yawa ba su san inda sunan ya fito ba. Bagazam dutse ne. Yana cikin ƙasar Abzin, arewa maso gabas da birnin Agadas. Ƙololuwarsa ta fi ko'ina tsawo a ƙasar Nijar. Masu awo sun ce ta kai metir 2,022 in an auna daga bakin teku. Gidigir kuwa ba ta kai metir 500 ba.

A wannan dutse akwai wata sana'a da ya kamata manoma da makiyaya na ƙasar Gure su ji labarinta. Sana'ar ita ce jagora. Mutum ya shiga gaba, baƙi su bi shi a ƙafa, ya nuna musu hanya da ruwa da ciyayi da namun daji, su biya shi. Ba ya sayar musu da hatsi, ba ya sayar musu da bisa. Abin da ke cikin kansa suke saye.

FILIN KIWO A BISA DUTSE

Wanda ya hangi Bagazam daga ƙasa, baƙin dutse kaɗai zai gani, tsaye kamar ganuwa. Zai yi tsammani ko akuya ba za ta rayu a can ba. Sai ya hau zai ga abin mamaki. Bisan dutsen fili ne mai faɗi, ya kai wajen kilometir 40 a tsaye, 20 a kwance. Akwai ƙauyuka, da masallatai, da garake, da filayen kiwo.

Me ya sa haka? Dalili na fari sanyi ne. Duk metir 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Saboda haka rana ba ta ƙone ciyawa da wuri kamar yadda take yi a ƙasa. Da dari kuma, wani dare har ruwa kan daskare a cikin ƙwarya. Dalili na biyu ruwa ne. Dutse mai tsawo yana tare hadari. Ruwan da ya zuba yana shiga tsagogin dutse, ya fito a idon ruwa, ko ya kwanta a gurabu inda rana ba ta kai ba. Wasu guraben suna riƙe ruwa wata da watanni bayan damina.

Mutanen dutsen Abzinawa ne. Maza suna noman garka: alkama, masara, dankalin turawa, tafarnuwa, albasa da tumatir. Mata suna kiwon awaki, suna yin cuku. Tsofaffin matan Bagazam sun yi suna wajen sanin maganin itace, har ana kai ganyayen dutsen kasuwanni masu nisa. Tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawa da sauka. Cikin mutanen Abzin ne kuma ake samun masu ayarin raƙuma da ke ratsa Tenere su ɗauko gishiri da dabino a Bilma, su kawo kudu su musanya da gero. Kantun gishirin da makiyayi ke fasa wa bisashensa ya san wannan hanya.

A can bisa duwatsun Abzin akwai itatuwan da babu su a kudu. Ɗaya daga ciki shi ne zaitun na daji. Ya rage ne tun zamanin da hamada take da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce. Akwai jan biri, da agwada mai zama cikin kogo, da ragon dutse wanda farauta ta rage shi ƙwarai.

YADDA AKE TAFIYAR

A shekarun da baƙi ke zuwa da yawa, lokacin tafiya shi ne dari, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Mota takan kawo su daga Agadas ta sauke su a gindin dutse. Daga nan sai ƙafa. Wata tafiyar mako guda ce, wata ta fi haka.

Da asuba mai dafuwa yakan hura wuta, a sha shayi. Masu jakuna su ɗaure kaya: salkar ruwa, gari, barguna da tukwane. Baƙo ba ya ɗaukar komi sai gorar ruwa da ƴar jaka. Ɗan jagora ya shiga gaba. Ba ya sauri. Yana auna tafiyarsa da ƙafar wanda ya fi kowa rauni, don a dutse ba a barin mutum baya.

A kan hanya yakan tsaya. Ya tsinki ganye ya murje, ya ba baƙi su shinshina, ya faɗi sunansa da cutar da yake magani. Ya nuna sawu a ƙasa ya ce na dila ne, kuma da dare ya wuce. Ya nuna zanen da mutanen dā suka yi a jikin dutse, na shanu da raƙumin dawa da jimina. Da rana ta take a sauka a inuwa. Da la'asar a ƙara gaba kaɗan. Da almuru a gasa gurasa cikin rairayi mai zafi da toka, irin wadda Abzinawa ke ce wa tagella. In dare ya yi, ɗan jagora ya nuna taurarin da madugu ke bi a Tenere.

Kuɗin da baƙi suka biya ba ya tsayawa a aljihu ɗaya. Mai jaki yana samu. Mai garka yana sayar da kayan miya. Mace tana sayar da cuku da tabarma. Maƙeri yana sayar da zobe da sarƙar azurfa. Mai akuya yana sayar da ɗan bunsuru.

ABIN DA AKE NEMA GA ƊAN JAGORA

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ran baƙo yana hannun wanda ya shiga gabansa. Don haka ba kowa ne ke zama ɗan jagora ba.

Sai ya san ruwa: wane gurbi ne ke ƙafewa da wuri, wane ne ke kai bazara. Sai ya san hadari. A ƙasar duwatsu, ruwa kan zuba a nesa, ƙorama ta taso da ƙarfi ta iske mutane a inda ko yayyafi ba a yi ba. Mai hankali ba ya kwantar da baƙinsa a cikin ƙorama, ko da busasshiya ce. Sai ya san mutane: ƙauyen da za a sauka, dattijon da za a fara gaisarwa, wurin da ba a ɗaukar hoto. Sai kuma ya iya hani. Ba a wanka da sabulu a gurbin da mutane da bisashe ke sha. Ba a saran ɗanyen itace don dafuwa. Ba a barin gwangwani da leda a masauki. Ɗan jagora na kirki ya san cewa ranar da wurin ya lalace, ranar sana'arsa ta mutu.

Yawancin wannan sani ba a lakwal aka koye shi ba. A bayan awaki aka koye shi, da bayan raƙuma.

A TURAI MA MAKIYAYA NE SUKA FARA

Baƙin da suka riƙa zuwa Abzin a waɗancan shekaru, da yawansu daga Faransa da Jamus da Italiya da Suwizalan suka fito. A ƙasashensu akwai manyan duwatsu da ake kira Alp. Mafi tsawonsu shi ne Mon Bulan, wato Farin Dutse. Ya kai wajen metir 4,800, ya ninka Bagazam sau biyu har da ɗori.

A waɗannan duwatsu, in an hau wajen metir 2,000, itatuwa suna ƙarewa saboda sanyi. Daga nan sai ciyawa. Rabin shekara tana rufe da dusar ƙanƙara. In ƙanƙara ta narke a watan Yuni, sai ciyawa ta fito shar, da furanni iri-iri. A lokacin ne makiyayan can ke hawa da shanunsu, da ƙararrawa a wuya. Su yi wata uku ko huɗu a bisa suna tatsa suna yin cuku, su sauko kafin sanyi ya dawo. Bafulatanin da ke yin arewa da damina ya dawo kudu da kaka zai gane wannan tafiya sarai.

Mutanen birni suna biyan kuɗi a zaga da su cikin waɗannan filayen kiwo, a faɗa musu sunayen furanni da tsuntsaye. Waɗanda suka fara wannan aiki manoma ne da makiyaya da maharba. A shekarar 1786 wani maharbi mai suna Jak Balma, tare da wani likita, suka fara taka ƙololuwar Mon Bulan. A 1820 ƙanƙara ta rufta ta kashe ƴan jagora uku a dutsen. Shekara guda bayan haka, a 1821, aka kafa ƙungiyar ƴan jagora a garin Shamoni. Suka sa doka: aiki bi da bi ne, kowa da ranarsa. Suka kuma ajiye asusu don taimakon wanda ya ji ciwo da iyalin wanda ya rasu. Ƙungiyar tana nan har yau, ta wuce shekara 200.

DA BAƘI SUKA DAINA ZUWA

A Agadas sana'ar ta bunƙasa cikin shekarun 1980. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin kai baƙi daji. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilometir sama da 77,000. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka ke alfahari da su.

Amma yawon buɗe ido kamar tsuntsu ne, ƙara kaɗan ke tashinsa. Tawayen da aka fara a farkon shekarun 1990 ya kori baƙi. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 suka dawo, har jirage suna tasowa daga Faransa su sauka Agadas kai tsaye. A 2007 wani tawaye ya tashi. A watan Satumba na 2010 aka sace ma'aikata baƙi a Arlit. Daga nan hanya ta mutu. Ƴan jagora da yawa suka koma garka da kiwo. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado daga 2014.

Akwai darasi biyu a nan. Na fari, zaman lafiya shi ne uwar kowace sana'a. Na biyu, wanda ya riƙe garkarsa da awakinsa bai faɗi ba da baƙi suka tafi. Sanin da yake nuna wa baƙi, shi ne dai yake ciyar da gidansa.

TO, ƘASAR GURE FA?

Wani zai ce: wannan labarin masu dutse ne, ina ruwan mutumin Gidigir? Gaskiya ne, duwatsun Muniyo da na Kutus ba su kai rabin Bagazam ba. Dutsen Termit ma, can arewa, bai wuce metir 700 da kaɗan ba. Amma ƙasar nan tana da abin gani, tana kuma da masu sani.

A Termit ne gwamnati ta keɓe babban gandun namun daji a 2012, saboda barewa da sauran namun hamada da suka kusa ƙarewa a duniya. A Kelle, gindin Kutus, akwai wurin da ake kiwon jimina mai jan wuya, don a mai da ita dajin da ta ɓace. Masu binciken da ke zuwa irin waɗannan wurare ba sa iya taku ɗaya sai da ɗan ƙasa a gaba. Haka masu haƙa rijiya, da masu rigakafin bisashe, da ma'aikatan gandun daji.

Abin ba yau ya fara ba. A watan Disamba na 1852 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo ta Muniyo daga Kukawa za shi Damagaram. Ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Kosso. Sunayen garuruwa da itatuwa da rijiyoyin da ya rubuta, daga bakin mutanen ƙasa ya ji su. Shi yana da alƙalami. Shi ya sa har yau ana karanta abin da ya gani.

Abin da Bagazam ke da shi a bisa, Gidigir tana da shi a ƙasa, wato kwari. Mutum yana tafiya a kan tudun rairayi, ba zato sai ya ga ƙasa ta faɗa, ga kore shar a ƙarƙashinsa. A bakin kwari goriba ce ta yi zobe. In an shiga ciki sai dabino da garake: rake, rogo, dankali, albasa, kabeji. A tsakiya, inda ruwa ya fi kusa, nan kanwa ke fitowa. Kowane zobe da ƙasarsa, da zurfin ruwansa, da abin da yake karɓa. Mai garka ya san wannan kamar tafin hannunsa.

Makiyayi kuma ya san tudu. Ya san gadagi yana ƙara nono. Ya san ɗanyen marak a farkon damina yana kumbura bisa in ta cika ciki da shi. Ya san ƙarangiya, duk da ƙayarta, ita ke riƙe garke da rani. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba da inuwa da ƴaƴa lokacin da babu komi. Tsofaffin mata sun san yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗaci ya fita. Wannan sani ya tsirar da gidaje da yawa a yunwar 1973 da ta 1984.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Abu biyu ne ke tafiya a lokaci guda: kwari da masu saninsa.

Tun bayan farin 1973 da na 1984 ciyawa ta ragu a kan tuddai. Jama'a ta ƙaru, bisashe sun ƙaru. Ana saran itace, ana kwashe busasshiyar ciyawa ƙarƙaf a kai kasuwa. Tudun da aka tuɓe wa riga ba ya zama wuri ɗaya. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ɗebi rairayi ta zuba a bakin kwari. Goriba ce ke fara nutsewa. Bayanta garka, bayanta rijiya. A ƙasar Gure da ta Maine-Sorowa akwai kwarurrukan da rairayi ya riga ya cinye, sai kan goriba ake gani.

An san maganin abin. Ana kafa shinge da rassan kalumbo ko na tumfafiya ko ƙirin goriba, a gicciye wa iska, a yi shi gida-gida kamar dara. Da damina a dasa itatuwa a ciki, a watsa irin ciyawa. A hana bisashe shiga shekara biyu ko uku. Amma wane tudu ne ya fara motsi? Ta ina iska ke shiga? Wace ciyawa ce take nan dā, yanzu babu? Ma'aikacin da ya zo daga Damagaram ko Yamai ba zai sani ba sai ya tambaya. Wanda zai tambaya kuwa tsoho ne. Samari da yawa suna cin rani a Nijeriya da Libiya. In tsohon ya kwanta dama bai faɗa wa kowa ba, an rufe shi da littafinsa.

ABIN DA ZA A IYA YI TUN BANA

Ba sai an jira Bature ya zo da kuɗi ba. Baƙin farko da ke bukatar ɗan jagora suna cikin gida: yara ne.

1. Kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta zaɓi dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya da aka yarda da saninsu. A haɗa da makiyayi, a haɗa da mai garka.

2. A sa rana biyu a shekara. Ɗaya a watan Agusta, lokacin da ciyawa ta yi fure ana gane ta. Ranar 3 ga Agusta, wadda take ranar dashen itace tun 1975, ta dace. Ɗaya kuma da rani, lokacin da ake ganin tafiyar rairayi.

3. A fita da sassafe a ƙafa, daga kan tudu zuwa tsakiyar kwari. A ɗauki ruwan sha. A gayyaci mushen lakwal da ɗalibansa. A sanar da mai gari, a nemi izinin masu garake.

4. Dattijo ya yi magana, masu karatu su rubuta. Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa. A rubuta sunan ciyawa da Hausa, da Manganci, da Fulatanci. A rubuta inda take fita, bisar da ke cinta, da amfaninta ko cutarwarta. A manna ganye ɗaya a gefen sunan.

5. A kafa turke a inda rairayi ya tsaya bana. Baɗi a dawo a auna taku nawa ya ci. A rubuta. Wannan lissafi shi ne hujjar da gari zai kai wa ma'aikatan gandun daji da magajin gari in ana neman taimakon shinge da dashe.

6. A ajiye kayen a cibiya, inda kowa zai iya karantawa. In baƙo ya zo neman ɗan jagora, a yi bi da bi, a kuma cire wani abu a sa a asusun gari.

Akwai masu raina makiyayi su ce bai san komi ba sai bin wutsiyar saniya. Akwai masu jin kunyar cewa a daji suka girma. Su tuna cewa a Bagazam da Shamoni, irin wannan sani mutane ke ƙetare teku su biya kuɗi su ji. Da tsohuwar zuma ake magani. Dattawa suna da sani, masu karatun manya sun samu alƙalami. In an haɗa biyun, jikokin Gidigir za su iske sunan kowace ciyawa a rubuce, su kuma iske kwarin da take fita a ciki.

Cibiyar da ta fara wannan tafiya ta aiko wa jaridar nan da labarinta, da sunayen da ta tara, don sauran garuruwa su karanta su yi koyi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.